Ciyawar Baba Mai Famfo

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za a mai da mu ɗaya bayan ɗaya. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Yuli, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah Ya karɓi ran maƙwabcinmu, dattijon da duk unguwa ke kira Baba Mai Famfo, yana da shekara saba'in da uku. Ya rasu a ɗakinsa, a gaban matarsa da babbar 'yarsa, bayan jinyar ciwon zuciya ta wata huɗu. Ina shagona ina buga wa wani takardar neman aiki aka leƙo aka gaya mini. Na kasa ƙarasa layin da na fara.

An nemi in rubuta wannan ta'aziyya ne saboda ni ne sakataren ƙungiyar unguwa, kuma ni ke da shagon buga takardu. Waɗanda suka nema sun ce in taƙaita, in kuma yi ta da sanyin murya. Taƙaitawar zan gwada, amma sanyin ba ni da shi. Baba, ka gafarce ni. Da kai zan yi magana, sai dai zan ɗaga murya don waɗanda ke tsaye a bayana su ji.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, babu mai kiran rafin bayan gidajenmu rafi. Bola muke ce masa, kuma bolar ce. Can ake kai leda da tsohuwar katifa da mushen kaza da bokitin da gindinsa ya fita. Mai wucewa toshe hanci yake yi ya ƙara sauri. Duk damina ruwa ya rasa hanya ya shigo mana tsakar gida, sai a aika a kira ka, ka zo da igiyar ƙarfenka ka buɗe magudana, mako biyu kuma a sake kiranka. Ranar da ka gyara tawa karo na uku, ka miƙe kana wanke hannu ka ce mini: "Sakatare, bututunka lafiyarsa ƙalau. Can baya ne ba lafiya." Na yi dariya na ce to ai can ba gidan kowa ba ne. Ka ce shi ya sa.

Washegari aka gan ka da baro da manjagara da dogayen takalman roba, kai kaɗai, a can sama inda rafin ke shigowa unguwa. Mun yi maka ba'a, ni ma na yi. An ce tsufa ya fara taɓa Mai Famfo, ya gama da bututun mutane ya koma na Allah. Kai dai ka ci gaba da tura baronka. Wata biyar kana fita da safe kafin ka tafi aikinka, baro uku kowace rana, ba ƙari ba ragi. Mai shayin bakin titi ne ya fara bin ka, don bolar ta kore masa masu zama. Daga nan malamar makarantar da ke tsallake, sai matan layin baya, sai ni, wanda kunya ce ta kawo ni ba kishi ba. Kowace Asabar muka zama muna fita.

Kana da dokoki biyu, kuma duk wanda ya taɓa riƙe manjagara tare da kai ya san su. Ta farko, daga sama ake farawa, don wanda ya share ƙasa ya bar sama, ruwan gobe zai dawo masa da aikinsa. Ta biyu, abin da mutum ya jefar shi ake kwashewa, abin da ya tsiro kuwa ba a taɓa shi. Na sha jin ka kana tsawata wa masu zafin hannu: "Bar ta, ba shara ba ce."

A shekara ta biyu ka zo da wata ciyawa a cikin buhu, jema, mai dogon ganye da kauri. Ka ce saiwarta na nutsawa ƙasa fiye da tsayin mutum, ita za ta riƙe gaɓar rafin. Ba ka yarda a haƙa rami da fartanya ba, ka ce fartanya tana sassauta ƙasa. Guntun bututun ƙarfe ka yanke, tsawon kamu biyu, ka fiƙe bakinsa. A soka shi a ƙasa, a juya, a zare, a sa tushe ɗaya, a danne da diddige, a auna taƙi ɗaya na hannu a sake sokawa. Haka muka jera ta layi biyu a kowace gaɓa, daga gadar katako har bayan makaranta. Shekara bakwai aikin ya ci.

Duk mun ga abin da ya biyo baya, ba sai na ƙawata shi ba. Ruwa ya daina shiga gidaje. Rafin ya washe har ana ganin tsakuwar ƙasansa. Kwaɗi suka dawo suka hana mai shayi sauraron rediyo, yana mita yana murmushi. Ka dasa itatuwa goma sha biyu, ka haɗa benci huɗu da tsofaffin bututu da katakon da kafinta ya ba ka. Tsofaffin da ba su da wurin zama sai ƙofar gida suka samu inuwa. Mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, a kan bencin ƙarshe ta yi yammacin shekarunta biyu na ƙarshe, kuma kai ne kake share mata shi da hularka kafin ta zauna.

Ba rafin kaɗai ba. Ba ka iya wuce famfo yana ɗiga, ko na waye. Ka sha shiga gidan biki da manyan kaya, a neme ka a rasa, sai a same ka a bayan gida a tsugune kana ɗaure wani kan famfo. Ko a asibiti, 'yarka ta ba ni labari, famfon ɗakin da aka kwantar da ku yana ɗiga, ka kwana biyu kana kallonsa, a na uku ka ce ta kawo maka sifana daga gida. Ta ce likita ya hana ka motsi. Ka ce likita bai hana famfon ba. Da robar ƙarin ruwa a hannunka ka gyara shi, sauran marasa lafiya suna yi maka sannu.

Yanzu sai abin da aka so in tsallake.

A watan Afrilu, kana kwance a asibiti, takarda ta zo cewa wani babba daga ofishin hukuma zai zo ya ga rafin, kuma mai yiwuwa a ba unguwarmu lambar yabo ta tsabta. Shugaban ƙungiyarmu, mai shagunan bakin titi, wanda a shekara goma sha ɗaya ban taɓa ganin laka a takalminsa ba, ya kira taro. Ya ce ba za mu tarbi manyan baƙi a cikin jeji ba. Ya ce ciyawar nan ta kai ƙirji, wurin ya yi duhu, baƙo zai ce ƙazamai ne mu. A nome ta tas, a share, a shafa wa duwatsu da gindin itatuwa farar ƙasa. Malamar makaranta ta ɗaga hannu ta ce a bari a tambayi Baba. Shugaba ya ce kada a dami mara lafiya, a yi masa bazata, ya dawo ya tarar da wurin fes.

Ni na rubuta bayanan wannan taro da hannuna. Ni ne kuma na ce na goyi baya. Ba zan ɗora wa Shugaba shi kaɗai ba, don a zuciyata ni ma haka na ɗauki tsabta tun ina yaro, ƙasa tsirara wadda tsintsiya ta bar zane a kanta. Shekara tara ina jin ka kana cewa bar ta, ba shara ba ce, ashe kunnena kawai maganar ta shiga. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, ranar nomewar ce aka fi cika tun da aka fara aikin rafin. Kai in ka kira, mu takwas ko goma muke fitowa. Ranar nan mutum arba'in da ɗaya na rubuta a rajista, kusan kowa da fartanyarsa. Ciyawar ta yi gardama, saiwarta ta ƙi fita, sai aka kawo diga. Aikin shekara bakwai muka gama da shi kafin la'asar, muka tara muka cinna wuta, muna raha.

Baƙon ya zo ranar Alhamis. Bai kai minti ashirin ba. Ya tsaya a kan gada, ya ce madalla, aka ɗauki hoto, ya miƙa wa Shugaba takardar yabo a cikin gilashi. Shugaba ya yi jawabi a kan abin da aka cimma ƙarƙashin jagorancinsa. Sunanka ya fito sau ɗaya, cikin jerin waɗanda aka ce sun ba da gudummawa, tsakanin mai hayar kujeru da mai lasifika.

Ni kuma, don wautata ta cika, na ɗauki waya na nufi asibiti in faranta maka rai. Na same ka a jingine da matashi. Na nuna maka hoton, duwatsu farare a jere, gaɓa ja wur babu ko tsinke. Ka karɓi wayar, ka sa yatsu biyu ka buɗa hoton, ka daɗe kana dubawa.

"Ina ciyawar?"

"Mun gyara wurin ne, Baba, saboda baƙi."

"Yanke ta kuka yi, ko cirewa?"

"Cirewa."

"Har saiwa?"

"Har saiwa."

Ka kifa wayar a kan bargo. Na so ka zage ni, da na samu sauƙi. Can sai ka ce: "Ku nawa ne?" Na ce arba'in da ɗaya. Ka gyaɗa kai ka ce ashe unguwar da mutane. Daga nan ka ce ruwa mai ƙarfi na farko zai tafi da gaɓar bayan makaranta, a hana yara bi ta nan. Ka juya fuska bango. Na fito ina ganin tambayar adadin nan ita ce zagin, kuma na ce na cancanta.

Ruwan ya zo ranar tara ga Yuni da rana tsaka. Gaɓar bayan makaranta ta zabtare kamar yadda ka faɗa, ta tafi da itace uku da benci biyu, har da na mahaifiyata, ta kuma kwashe ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafar gada. Allah Ya tsare babu wanda ya ji rauni, don malama ta ji gargaɗinka ta toshe hanyar da tebura. Fararen duwatsunmu kuwa suna can cikin laka.

Mako biyu bayan haka, ofishin nan dai da ya ba mu takardar yabo ya aiko da wata takardar. Wai binciken da aka yi ya nuna rafin haɗari ne ga jama'a. Wai mafita ita ce a zuba shi a kwalbati, a rufe da kankare, a jera shaguna a sama. Ana buƙatar sa hannun mazauna unguwa kawai. Ni na yi wa takardar kwafi hamsin a shagona. Mutanen ofishin nan su suka sa muka tsiraita gaɓar don a yi musu hoto, su ne kuma suka dawo suna cewa gaɓar ba ta da ƙarfi. Shugaba kuwa tun kafin a raba kwafin ya san shaguna nawa wurin zai ɗauka.

Duk wannan da na haɗiye shi. Abin da ya ƙi haɗiyuwa a wurin zaman makokinka ya faru. Rana ta biyu, mutane cike a ƙofar gidanka, 'ya'yanka maza suna karɓar gaisuwa, sai Shugaba ya gyara murya ya ce yana da albishir ga iyali. Ya ce an amince, in aka gama ginin, za a sa wa jerin shagunan sunan marigayi, a rubuta a allo babba, don kada a manta da hidimarsa. Wasu har suka ce Allah Ya saka da alheri. Baba, a ƙofar gidanka, kwana biyu da binne ka, aka yi alkawarin binne rafinka a kuma rubuta sunanka a kan murfin. Na tashi na bar wurin, don abin da ke bakina bai dace da zaman makoki ba.

Ina so in tambayi Shugaba a nan, tunda a can ladabi ya hana ni. Wace hidimar ce ba za a manta da ita ba? Mutumin da ya kwashe shekara goma sha ɗaya yana tono ruwa daga ƙarƙashin shararku, da kankare za ku tuna da shi? In allo kuke so, ku sa sunanku, ku ne kuka yi aikin da ya kai mu nan, ni ma ku sa nawa a ƙasa. Nasa dai ku bar shi.

Injiniyan da aka turo auna wurin ba mugu ba ne. Na tare shi a kan gada na tambaye shi ko babu wata hanya. Ya duba hagu da dama, ya ce shi abin da ya gani yake rubutawa. In ya dawo farkon watan gobe, kafin ruwa ya yi tsanani, ya tarar an riƙe gaɓar da wani abu mai saiwa, kuma mutane ba su sa hannu ba, zai rubuta haka. Na ce masa abu mai saiwar mun ƙone shi a watan Afrilu. Ya ce to Allah Ya kyauta, ya naɗe tef ɗinsa.

Jiya da hantsi na shiga gaida Mama, matarka. Tun ranar asibiti ban iya haɗa ido da ita ba, kuma makonni ukun da ka yi a gida bayan an sallame ka, kunya ta hana ni zuwa sai sau ɗaya, shi ma daga bakin ƙofa. Na durƙusa na fara neman gafara, ta katse ni.

"Tashi, Sakatare. Ya bar maka aiki. Ya ce kada in ba ka sai ka shigo da ƙafarka."

Ta kai ni bayan gida, inda kake tara tarkacen sana'arka. Na san wurin da tsofaffin bahon wanka da kwanon wanke hannu da tankunan da suka fashe. Duk na same su cike da ƙasa, kowanne jema ta tsiro a ciki, kore shar, tushe ɗaya ɗaya a jere. Mama ta ce tun shekarar da ka kawo ta kake ajiye iri a baho biyu, kana cewa ba a san halin ruwa ba, ba a kuma san halin mutane ba. Da aka sallame ka, kullum sai ka sa a fitar maka da kujera, ka zauna kana raba tushen da hannu kana dasawa, ka yi biyar ka huta, ka yi biyar ka huta. Ta yi faɗa, 'yarka ta yi kuka, ka ce zaman banza ya fi wannan gajiyar da zuciya.

Sai ta janye wani buhu daga ƙarƙashin tebur ta zazzage shi a gabana. Guntayen bututu ne, kowanne kamu biyu, an fiƙe bakinsa. Ta ce waɗannan ba ka iya yankawa da kanka ba, babban ɗanka ka sa, kana zaune kana auna masa. Na tsuguna na ƙirga. Arba'in da ɗaya ne.

Baba, wata uku ina ɗauke da tambayar nan taka a matsayin zagi, ashe ma'aikata kake ƙirgawa. Mu muna can muna ɓuya daga idonka, kai kana nan da zuciya rabi kana yanka wa kowannenmu abin aikinsa. Na zauna a bakin baho na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba, Mama tana tsaye ba ta hana ni ba.

Saboda haka ga sanarwa, kuma a matsayina na sakatare nake yin ta. An kira taron sa hannu ranar Asabar mai zuwa, ƙarfe goma, a zauren makaranta. Ba zan kawo rajista wurin ba. Rajistar tana hannuna, da sunaye arba'in da ɗaya na ranar nomewa, kuma da ita zan tsaya a bakin rafi tun ƙarfe bakwai, a can sama inda ake farawa. Ba zan kira sunan kowa a lasifika ba, kowa ya san ko yana ciki. Kada wanda ya zo da fartanya. Shugaba, sunanka ne na ɗaya a shafin, ko da yake a ranar nuni kawai ka yi da yatsa, kuma kai ma an yanka maka naka.

Allah Ya jiƙan Baba Mai Famfo, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya yalwata masa makwancinsa, Ya haskaka shi. Yadda ya buɗe wa ruwa hanya ya kawar da ƙazanta daga ƙofofin mutane, Allah Ya buɗe masa ƙofofin rahama, Ya shayar da shi daga ƙoramun Aljanna. Duk wanda ya huta a inuwar da ya dasa, Allah Ya kai ladan kabarinsa. Mu kuma da muka ɓata masa rai a ƙarshen kwanakinsa, Allah Ya yafe mana, Ya ba mu ikon gyarawa tun muna da sauran lokaci.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, wadda ta yi shekara arba'in da shida tana wanke laka daga tufafinsa ba ta gaji ba, da 'ya'yansa biyar da jikokinsa, da ƙannensa, da abokan sana'arsa, da mutum takwas ɗin nan da ba su taɓa fashin Asabar ba. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku a inda ya saba tsayawa. In tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.

Na ɗauki bututu ɗaya, yana nan a kan teburina kusa da injin buga takardu. Saura arba'in a cikin buhu, kuma Mama ta ce ƙofar bayan gida a buɗe take.